Yadda Darakta Ya Adana Bidiyon Tifa

Ni mai faci ne. Shekara tara rumfata tana kallon shagon askin Darakta, saboda haka duk abin da zan gaya muku a gabana aka yi shi, wani ma da hannuna a ciki, Allah Ya yafe mini.

Sunan Darakta ya samo asali ne ranar da wasu masu ɗaukar fim suka zo layinmu. Rana ta buɗe, sai suka miƙa masa laima ya riƙe wa mai kyamara. Minti ashirin ya yi da laimar nan a hannu. Tun daga ranar, in ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya sai ka ji yadda ya yi harkar fim. Babu abin da bai sani ba. In ka ce haƙori ke damunka, ya taɓa aiki da likita. In ka ambaci jirgin sama, saura kaɗan ya tuƙa. Askin ma da ya iya sai kana lura da madubi, don in zance ya yi masa daɗi yakan manta inda gashi ya ƙare kunne ya fara.

Yana da yaya mace, tela, shagonta na can ƙasan gangaren layin dab da kwana. Duk layin Yaya muke ce mata. Da kekunan ɗinki biyu take riƙe da gidanta tun rasuwar mijinta.

Ran wata Litinin da hantsi Yaya ta kulle shago ta tafi sayen zare. Ina cikin ba wata taya iska, injina yana ta ƙara, sai na ji rugum! Kafin in kashe injin in leƙo, rabin bangon gaban shagon Yaya ya kwanta a kan kekunan nan biyu. Babu mota, babu mutum, sai ƙura da sawun taya.

Sawun kuwa ya nufi filin mai bulo, wanda yake da tifa ɗaya da direba mai taurin kai. Da Yaya ta dawo ta gama salati, muka raka ta can. Mai bulo ya saurare ta yana sakace.

"Tifata? Tun safe ba ta motsa ba. Ko ba haka ba, direba?"

"Ko kunna ta ban yi ba," in ji direba, ga injin motar yana huci a bayansa.

"To bangon fa?" Yaya ta tambaya.

"Gajiya ya yi, Yaya. Bango ma yana gajiya."

Muna dawowa, sai mai takalma ta yafito mu. Shagonta na kallon na Yaya, kuma kullum da hantsi takan jingine waya ta yi tallan takalma kai tsaye a shafinta na intanet. Ta buɗe mana bidiyon ranar. Ga ta tana ɗaga wani jan takalmi tana yaba duga-duginsa. Ta bayan kafaɗarta kuwa, ta ƙofa, ga tifa tana tahowa da baya, lambarta ɓaro-ɓaro. Ta daki bango. Direba ya leƙo da kai, ya duba hagu, ya duba dama, ya ja motarsa ya tsere.

Nan take Yaya ta kira wata lauya da take yi wa ɗinki, ta buɗe murya kowa ya ji.

"Madalla," in ji lauya. "Yau ina wata kotu, amma gobe da ƙarfe takwas zan zo da wanda ya san aikin. Za mu sauke bidiyon yadda doka ke so, da adireshinsa da rana da lokaci, mu rufe shi. Kafin nan kada wanda ya taɓa shi, kada wanda ya yi maganarsa. Musamman kada mai bulo ya ji."

Ashe Darakta na tsaye bayanmu da almakashi a hannu. Ya baro wani mutum a kujera da rabin kai.

"Gobe?" Ya yi dariya. "Yaya, ana ajiye hujja har gobe? Ga ɗan fim a gida, kina jiran lauya? Bidiyo fa abincina ne."

"Ka ji abin da ta ce. Kada a taɓa."

"Ai ba taɓawa zan yi ba. Adanawa zan yi. Ba ni wayarki."

Da Yaya ta san abin da zai biyo baya, da ta haɗiye wayar. Ya karɓe ta, ya buɗe bidiyon a cikinta, ya tsayar da shi daidai inda tifa ta sumbaci bango, ya naɗe wayar cikin leda uku, ya wuce gidansa da ke bayan shagon aski. Na bi shi, don na ga alamar za a yi abin kallo. Ya buɗe firiza, ya ture kifin matarsa gefe, ya kwantar da wayar.

Matar ta fito daga ɗaki tana goge hannu. "Maigida, me ka sa mini a firiza?"

"Hujja."

"Ta miya ce ko ta soyawa?"

"Ke ba ki san kimiyya ba. Duk abin da ake gudun ya lalace, sanyi ake ba shi. Bidiyon nan zai daskare a inda na tsayar da shi. Ko can sun goge nasu, namu na nan."

"To in an kira Yaya fa?"

"Kifi ya ɗauka."

Bayan awa biyu ya tara mu mutum biyar don mu ga ikon ilimi. Ya kwance leda, ya danna. Shiru. Ya hura mata iska, ya sa ta a hammata, ya shanya ta kan murfin tukunya. Wayar nan ko ƙyaftawa ba ta yi ba. A cikinta kuwa awon duk masu kawo wa Yaya ɗinki yake, da lambobinsu.

"Ka kashe mini waya!" Yaya ta ɗora hannu a ka.

"Ba ta mutu ba, barci take. Hujjar tana ciki a kulle, ko ɓarawo ba zai iya buɗe ta ba."

"Alƙali fa?"

Ya ajiye wayar. "Shi ya sa ƙwararre ba ya dogara da hanya ɗaya. Kotu takarda take so."

Ya buɗe bidiyon a tasa wayar, ya nufi shagon fotokwafi, ya ce a fitar masa da shi a takarda. Mai shagon ya ce ba a yin haka. Darakta ya tambaye shi fim nawa ya taɓa yi. Sai mutumin ya matsa gefe. Darakta ya kifa wayar a kan gilashi, ya ce a yi ta dannawa, kowace daƙiƙa shafi ɗaya, in an haɗa su aka kaɗa da yatsa tifa za ta motsa. Shafi arba'in suka fito. Kowanne baƙi ƙirin, sai wani farin tabo a tsakiya.

"Ina tifar?" na tambaye shi.

"Ga ta nan." Ya nuna tabon.

"Wannan ai babban yatsanka ne."

"Kai mai faci, ka tsaya a taya. Wannan sai ido mai ilimi."

Har zuwa nan ɓarnar ta cikin gida ce. Wajen azahar ne ya koma shago, ya tarar mai rabin kai ya gaji ya tafi, ya zauna yana latse-latse. Can sai na ji ya ƙwala mini kira kamar an ɗana masa wuta.

"Mai faci! Zo ka ga abin da lauya ba ta sani ba!"

A gefen bidiyon akwai ɗigo uku. Ya danna, ga rubutu ya fito: Kai rahoto.

"Wa ake kai wa rahoto?" ya tambaye ni.

"Hukuma, ina ji."

"To! Kotu ce a cikin waya, mu muna ta wahala da firiza."

Ya danna. Aka tambaye shi me ke cikin bidiyon, aka jero masa amsoshi. Ya zaɓi tashin hankali da ɓarna, don a cewarsa ai ɓarna aka yi wa Yaya. Sai saƙo ya fito: Mun gode da rahotonka, za mu duba.

"Ka gani? Alƙali ya karɓa. Har da godiya."

Na ce masa ni dai jikina bai ba ni ba. Ya ce jikina bai yi makaranta ba. Sai ya fito da benci tsakiyar layi, ya hau, ya yi shela cewa shaida ɗaya ba ta isa kotu, duk wanda ya kai rahoton bidiyon mai takalma yana da aski kyauta. Kafin la'asar layin mutane ya kai bakin rumfata. Masu gashi, masu sanƙo, har da wata tsohuwa da ta ce a rubuta wa mijinta askin. Kowa ya zo Darakta ya riƙe masa yatsa ya nuna masa inda zai danna. Ni ma na danna. Na gaya muku da hannuna a ciki.

Can sai ga leburorin mai bulo su bakwai, shi kansa yana biye da su, hannu a baya. Ya kalli bidiyon a wayar Darakta, fuskarsa ta canza. Ya kalli abin da ake dannawa, fuskar ta sake canzawa.

"Darakta, ni ma zan iya kai rahoton?"

Darakta ya juyo ya dubi jama'a, ƙirjinsa ya kumbura. "Kun gani? Gaskiya ta kama shi, da ƙafarsa ya kawo kansa! Danna, mai bulo. Danna sau biyu."

"Har matana zan sa su danna," in ji mai bulo, ya tafi yana murmushi.

Rana ba ta faɗi ba muka ji ihu daga ƙasan layi. Mai takalma ce ta taho, ɗankwali a hannu ɗaya, jan takalmi a ɗayan.

"Ina Darakta? Ina yake?"

"Ga ni, ƙanwata. Godiya kika zo yi?"

"Sun cire bidiyon! Sun rufe mini shafi! Wai mutum sittin da uku sun ce ina yaɗa tashin hankali! Ni da nake sayar da takalmi! Shekara huɗu ina tara masu kallo!"

"Kwantar da hankalinki. Cire shi suka yi don su kai wa alƙali. Ai ba a barin hujja a titi."

Takalmin ya same shi a goshi. Duga-dugin da take yabo da safe ashe ba ƙarya ta yi ba.

Yaya ta kama hannunta. "Ba ki da shi a wayarki?"

"Kai tsaye na yi shi, Yaya. A shafin kawai yake."

Washegari ƙarfe takwas lauya ta iso da wani mutum mai kwamfuta a jaka. Aka ba ta labari tun daga firiza. Ta saurara ba ta katse kowa ba. Darakta ya miƙa mata shafi arba'in ɗinsa. Ta duba na farko, ta duba na ƙarshe, ta miƙa wa mai kwamfuta, shi kuma ya yi fifita da su.

"Za mu rubuta wa masu shafin mu roƙi kwafi," in ji ta. "Zai iya ɗaukar watanni, kuma ba lallai su ba mu ba. Yanzu abin da ya rage mana shi ne waɗanda suka kalli bidiyon, da sawun taya, da rabin bangon da ke tsaye, don akwai fentin tifar a jikinsa. Kada a taɓa bangon nan." Ta juyo. "Malam Darakta."

"Ranki ya daɗe, abokiyar aiki."

"Kada ka ƙara taimaka mana. Ina roƙonka."

Yaya ta zauna kan tarin bulo tana kallon kekunanta. Wannan kallon ya taɓa Darakta, na gani a fuskarsa. Matsalar ita ce, shi in abu ya taɓa shi, dabara yake haifa.

Ran Laraba da sassafe ya zo rumfata yana raɗa.

"Mai faci, abin da aka goge ana sake ɗaukarsa. A fim haka muke yi. Duk mun ga abin da ya faru, ko? To za mu maimaita shi daidai, mu ba kotu."

"Da wace tifar?"

Ya ja ni bayan shagonsa. Ya ari kurar turawa, ya kewaye ta da kwalin firji, ya shafa mata shuɗin fenti irin na tifar, ya rubuta TIFAR MAI BULO a gefe, da kibiya don kada a yi kuskure. Murfin tukunyar matarsa ne sitiyari. Ya loda bulo goma sha biyu a ciki wai don nauyin ya yi kama da na gaske. Shi kuma ya cusa matashin kai cikin riga, ya tattaro gashin aski daga ƙasa ya manna da gam a leɓensa.

"Wane ne wannan?" ya tambaye ni yana juyi.

"Wallahi ban sani ba."

"Direba mana!"

Matarsa ta leƙo ta katanga. "In ka mutu, a dawo mini da murfina."

Tsarin shi ne, ni in tsaya ƙasa da wayarsa ina ɗauka, shi ya gangaro a hankali, ya tsaya taku ɗaya kafin bango, ya ce "rugum" da baki. Na tambaye shi birki. Ya nuna mini silifas ɗinsa.

Jama'a suka taru. Ya hau kura a saman gangare, ya ɗaga hannu, ya ce a fara. Da fari abin ya tafi lafiya. Ya riƙe murfi da hannu ɗaya, yana hamma, yana gyangyaɗi, yana sosa tumbin matashi, yana waƙa da muryar jaki, don kotu ta ga irin sakacin direba. Sai bulo goma sha biyu suka tuna da gangare. Kura ta ɗauki gudu. Ya sa silifas, silifas ta yi gaba ta bar shi. Kwalin gaba ya tashi ya rufe masa fuska.

"A yanke! A yanke!" yake ihu daga cikin kwali.

Ban san me zan yanke ba, sai na ci gaba da ɗauka. Kura ta wuce ni kamar iska, ta daki rabin bangon da ya rage. Wannan karon ba sai ya ce rugum da baki ba.

Da ƙura ta lafa, ga Darakta zaune cikin ɓaraguzai, matashin ya koma bayansa ya zama doro, gashin bakin ya koma goshi. Abu na farko da ya tambaya shi ne, "Ka ɗauka?"

Yaya ta iso ta tarar shagonta ba gaba kwata-kwata. Ta dube shi, ta juya ta tafi gida.

Duk wannan bai ishe shi ba. Da yamma ya ɗora bidiyon a nasa shafin, ya rubuta a ƙasa: Ga yadda aka rushe bangon yayata, duniya ta shaida. Ya ce wannan karon ba wanda zai goge, don ba zai gaya wa kowa wurin ɗigo ukun ba.

Bayan mako biyar aka shiga kotu. Duk layin mun je, har benci ya kasa. Darakta ya sa kwat da ya ara, hannuwan sun tsaya masa a gwiwar hannu. Lauyar Yaya ta yi iya ƙoƙarinta. Mai takalma ta faɗi abin da ta gani, ni ma na faɗa. Amma duk wanda ya gama, lauyan mai bulo, wani siriri mai tabarau, sai ya tashi ya yi tambaya ɗaya.

"Ina bidiyon?"

Sai kowa ya waiwayi Darakta, shi kuma ya ɗaga wa mutane hannu.

Da aka zo kan ɓangaren mai bulo, lauyansu ya ɗauko wata ambulan mai hatimi.

"Ya mai shari'a, su ba su da bidiyo, amma mu muna da shi. Mun same shi a shafin ƙanin mai ƙara. A ranar da aka ɗora shi muka sauke shi cikakke, ba yanka ba ƙari. Mun rubuta adireshinsa da rana da sa'a, mun ɗauki hoton shafin da rubutun da ke ƙasa, mun ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Wanda ya sauke ya sa hannu a gaban shaida, ga takardarsa."

Darakta ya zungure ni. "Ka ji? Tsarina ne ya sata."

Aka kunna a babban allo. Ga kura mai kwali, ga TIFAR MAI BULO da kibiya, ga mutum mai tumbi yana hamma. Wani ya fara dariya a baya, ta bazu har gaba. Magatakarda ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Da aka zo wurin rugum, alƙali ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Kotu ta gani da idonta," in ji lauyan. "Ga wanda ya rushe bango, kuma shi da kansa ya rubuta cewa haka aka rushe shi. Fentin da suke cewa na tifarmu ne, ga shi shuɗi a jikin kwali. Wanda ya rushe rabi ran Laraba, me zai hana shi ne ya rushe rabi ran Litinin?"

Nan dariya ta ɗauke. Na dubi Yaya, ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Lauyarta ta rufe ido.

Alƙali ya ce a kira Darakta. Ya fito yana gyara kwat.

"Kai ne a cikin bidiyon nan?"

"Ni ne, kuma ba ni ba ne, ranka ya daɗe."

"Zaɓi ɗaya."

"Jikin nawa ne, amma halin na direba ne. A harkar fim..."

"Wa ya rushe bangon da muka gani yanzu?"

"Gangare, ranka ya daɗe."

"Wa ya hau gangaren?"

"Direba."

"Wane direban?"

"Ni. Amma a madadinsa."

"Bidiyon farko kuma, wa ya sa aka cire shi?"

Darakta ya yi murmushi. "Ai yana wurinka, ranka ya daɗe. Mutum sittin da uku muka aiko maka. Har ka ce ka gode."

Alƙali ya dubi magatakarda, magatakarda ya dubi silin.

Lauyan mai bulo ya ga nasara ta zo hannu, sai ya so ya ƙara mata gishiri. Ya roƙi a sake kunna bidiyon a hankali, don kotu ta ƙare wa mai laifi kallo. Aka sake. A hankali abin ya fi muni. Hammar ta yi tsawon minti guda, sosa tumbin kamar ana wanke tukunya, waƙar ta koma kukan saniya. Mutanen layi suka fara waiwayen direba suna ƙunshe baki. Matar Darakta ta ce, yadda kowa zai ji, "Kai, amma fa sun yi kama."

Direba yana zaune kusa da maigidansa, tun ɗazu yake kumbura. Da aka zo wurin gyangyaɗi, sai ya miƙe tsaye.

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya yake mini!"

"Zauna," mai bulo ya ja rigarsa.

"Ba zan zauna ba! Shekara goma sha takwas ina tuƙi, ban taɓa barci a sitiyari ba! Wannan tumbin nawa ne? Kuma wane jahilin direba ne zai daki bango da gaba? Da baya na buge shi! Idona biyu, madubi ne ya..."

Ya tsaya. Bakinsa ya kasa rufuwa.

Alƙali ya mayar da tabaransa a hankali. "Madubi ne ya yi me? Ƙarasa, muna jinka. Magatakarda, kana rubutawa?"

"Har da madubin, ranka ya daɗe."

Lauyan mai bulo ya zauna kamar an zare masa ƙashin baya.

Hukunci bai ɗau lokaci ba. Mai bulo zai gina rabin bangon na hagu, ya sauya kekunan ɗinki biyu. Darakta zai gina rabin dama, ya nema wa yayarsa waya, ya kuma bi mai takalma duk inda za ta rubuta takardar neman a buɗe mata shafi, ya sa hannu cewa shi ya jawo. Alƙali ya ƙara da cewa in ya sake rushe ko bulo ɗaya na shagon nan, a ɗakin da ba taga zai yi bayani.

Muna fita Darakta ya tsaya kan matakala ya buɗe hannuwa. "Kun ga tarko? Tun daga firiza na shirya shi!"

Yaya ta wuce shi kamar ba ta san shi ba.

Maginin mai bulo ya gama rabinsa cikin kwana biyu, har da taga mai ƙarfe. Aka shawarci Darakta ya ba maginin nasa rabin. Ya ce Allah Ya kiyaye, shi da ya taɓa aiki da masu gina gada. Ran Lahadi ya kwashe bulo da siminti ya shigar cikin shagon, wai daga ciki ƙwararru ke gini saboda inuwa. Muka jera benci muka zauna. Layin bulo na farko ya hau, na biyu ya hau. A na uku na buɗe baki zan yi magana, mai takalma ta taka mini ƙafa. Ya yi ta ɗorawa yana ba mu darasi a kan siminti, muryarsa na ƙara nisa. Wajen la'asar ya hau tebur ya cusa bulo na ƙarshe a ƙarƙashin rufi.

Muka ji ya sauko, muka ji yana kakkaɓe hannu. Sai takunsa ya yi hagu, ya yi dama, ya tsaya. Can fuskarsa ta bayyana a tagar ƙarfe.

"Mai faci. Da can ta ina ake shiga shagon nan?"

"Ta rabinka."

Ya dubi bangon. "To ai simintin bai bushe ba. Bari in ɗan ture..."

"Ko bulo ɗaya," in ji mai takalma. "Duk mun ji alƙali."

Aka aika a kira magini ya fasa ƙofa, aka ce ya yi tafiya sai Talata. Matar Darakta ta kawo abinci ta zura masa ta taga, cokali-cokali, don kwanon ya ƙi shiga. Sannan Yaya ta iso. Ta dubi bangon daga sama har ƙasa, ta ƙwanƙwasa shi, ta leƙa ta ga ƙaninta riƙe da ƙarfen taga hannu biyu.

"Yaya, ki yi wani abu mana."

"A'a, ku bar shi haka," in ji ta, tana gyara mayafi. "Tun da aka haife shi, yau ne ya adana abu ya zauna inda aka sa shi."